Kwabon Azurfa a Kan Cibiya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma na buɗe gwangwanin kayan lissafina, na tarar babu kwabon. Na san lokacin daidai domin a shekarar nan ba mu zuwa lise. Malamai suna yajin aiki, yau a ce an sasanta, gobe a ce an ɓata, ni kuwa na tsara wa kaina karatu a gida, na rubuta sa'o'in a bangon kaye, littafin rubutuna, ina bi kamar akwai mai duba ni. Bayan la'asar lokacin lissafi ne. Na ɗaga takardar da na shimfiɗa a ƙasan gwangwanin, sai ga ƙyallen da nake naɗe kwabon a ciki, wayam, an ninke shi irin ninkin da ba nawa ba.

Kwabon na azurfa ne, ya fi dala ashirin faɗi nesa ba kusa ba, in ka riƙe shi sai ka ji sanyi da nauyi a tafin hannu. Kawuna ya ba ni, ƙanin Inna. Direba ne na waɗansu Turawa masu tonon ƙasusuwan dabbobin da a hamada, can bayan Agadas. Da tawaye ya rufe hanyoyin arewa suka tattara kayansu, ɗayansu ya ba shi wannan don tunawa. Ba kuɗin kashewa ba ne, in ji Kawu, a ƙasarsu tara irinsa suke yi, su jera a akwati suna kallo. Gefe ɗaya rubutu ne da ba Faransanci ba. Ɗaya gefen dabba ce mai dogon wuya da ɗan mitsitsin kai, ƙafafu huɗu kamar turame, jelarta ta lanƙwasa ta bi bakin kwabon. Wanda ya zana ta bai yi ha'inci ba, har tamojin fatar wuyanta ana ji da farce. Na san sunanta, mushe, malaminmu na kimiyya, ya taɓa rubuta mana shi a allo: dinozor. Duk Juma'a nakan goge ta da toka da ruwan lemun tsami.

Ranar da Kawu ya ba ni ya ce, "Ke ce mai karatu, ke za ki san darajarshi. Amma kada babanki ya gani."

Baba tela ne a Sabon Gari, mutum mai sauƙi. Sai dai tun da aka saki baki a ƙasar, jam'iyyu da ƙungiyoyi suka cika gari, shi bai bi 'yan siyasa ba, ya bi masu wa'azin yaƙi da layu da hotuna. Ya tsinke duk wata laya da ke gidanmu. Ko kalandar shagonsa sai da ya yanke hoton da ke sama ya bar ranakun.

Na fito tsakar gida. Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune gindin bedi da 'yar yayana a cinya. Jaririyar watanta huɗu, ita ce ta fari a wurin yayana, kuma tun da aka dawo da ita daga wankan jego cibiyarta take a bulluƙe, in ta yi kuka sai ta kumbura kamar ɗan goro. A wurinmu maganin wannan sananne ne: a samu tsabar kuɗi mai faɗi a ɗora, a ɗaure da tsumma, kwana bakwai cibiya ta koma. Kaka ta gwada dala ashirin, tana zamewa. Yanzu ga tsumma fari zagaye da cikin yarinyar, ga shacin abu mai faɗi a ƙarƙashinsa.

Kaka ta ji tafiyata, don ganinta ya yi rauni tun da daɗewa, ta yi murmushi, ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi saboda boko.

"Madan, aro na yi. Kina tsammani ban san abin da kike gogewa ran Juma'a ba? Azurfa ce, na ji ta da haƙori. Kwana bakwai in maido miki kayanki, marowaciya."

Baba yana nan kusa da randa yana gyara takalminsa. Da na ce, Kaka, akwai hoto a jiki, da zance ya ƙare nan, in sha faɗa ya wuce. Na buɗe baki, na dubi bayan wuyan Baba, na rufe. Na koma ɗaki na zauna gaban lissafin da ban yi ba.

Abin da ya fara cin raina shi ne ban san wane gefe ke kan fatar ba. Rubutun ne ko dabbar? Babu hanyar sani. Kaka ce mai yi wa yarinyar wanka safe da yamma a cikin ɗakinta, ita ke kwancewa ta sake ɗaurewa, kuma ita ba ta ganin abin da ke jiki, da yatsa kawai take jin gurzan. Matar yayana kuwa kunyar 'yar fari ta hana ta ko kallon ɗiyarta sosai a gaban surukai, balle ta tsaya binciken abin da tsohuwa ta ɗaura. Ta ba da nono, ta kawar da kai, ta miƙa.

Na yi ta faɗa wa kaina abin da na sani. Ƙarfe ne. Zane ne. Dabbar ta ƙare tun ba a yi mutane ba. Na san wannan kamar yadda na san bakwai sau takwas. Amma a gidan nan aka haife ni, a cinyar Kaka na ji labarin waɗanda ke zaune a tsamiya da bakin gulbi, kuma na ga yadda Baba ya riƙe layun da ya tsinke da bakin almakashi, bai yarda sun taɓa hannunsa ba. In abu ba ya komai, me ya sa ake tsoron taɓa shi?

Kwana na biyu yarinyar ta fara rigima. Aka ce cibiyar ce ke komawa, dole ta ji. Ni na buɗe shafin ƙarshe na kaye na shiga rubuta lokutan kukanta, ban san amfanin da zai yi ba. Sau biyu na je bakin ɗakin Kaka da niyyar in ce ta ba ni abina, sau biyu na tarar da mutane na dawo.

Da hantsi a rana ta uku matar yayana ta fito da gudu, ta manta da kunya, tana cewa yarinya ta ƙi nono, jikinta kamar garwashi. Inna ta karɓe ta. Idanun sun juye sama, hannuwan sun sandare na ɗan lokaci suka saki. Inna ta ce a cire mata komai ta sha iska, ta sa haƙori ta kwance ƙullin tsumman. Kwabon ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, ya gangara har gindin turmi.

Ba wanda ya bi shi da ido. Duk muna kallon cikin yarinyar. A kan fatar da ta yi ja, zagaye da cibiya, ga dabbar nan kwance. Wuyan, ɗan kan, ƙafafun, jelar da ta lanƙwasa, duk sun fito sarai kamar an buga hatimi, kuma in ta ja numfashi sai wuyan ya motsa.

Matar yayana ta yi wata ƙara da har yau ban manta ba. Kafin a ce me, matan maƙwabta sun cika gidan.

"Innalillahi! Mi ne ne wanga?"

"Maciji ne mai ƙafa."

"Ke rufa mana baki, ina kika taɓa ganin maciji da ƙafa? Dodo ne."

"Kada ku bari mai ciki ta gani! Hajiya, koma gida!"

Aka kira Baba daga shago. Ya dubi cikin jikarsa, ya je gindin turmi ya juya kwabon da bakin almakashi. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi.

"Wa ya ɗaura mata?"

"Ni," in ji Kaka.

"Iya, a ina kika samo shi?"

Ina tsaye bayan Inna, na riƙe igiyar shanya. Kaka ba ta juyo wajena ba ko kaɗan.

"Cikin tsohuwar tukunyata. Ya daɗe."

Kaka 'yar Tibiri ce, kuma kowa ya san uwarta ta yi bori. Baba ya shekara yana ƙoƙarin kada a tuna masa da haka a masallaci. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Ashe har yanzu Tibiri ba ta fita daga gidan nan ba." Ya ce a jefa abin a masai. Kaka ta laluba da ƙafa ta taka shi, ta ɗauka ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce ba za a jefar ba sai ta san ko mene ne ya taɓa mata jika.

Haka rana ta tafi. An aika disfansar ɗin unguwa, ɗan asibitinmu, aka tarar da kwaɗo a ƙofa, su ma suna yaji. Ba a sake neman wani wuri ba, don kowa ya riga ya yanke cewa wannan ba ciwon allura ba ne. Aka kira malami ya yi tofi, aka wanke rubutu aka ɗiga mata, wata ta kawo turare, wata ta ce a shafa man shanu a goge zanen, wata ta ce kada a kuskura a taɓa shi. Yayana yana hanyar Kwatano da motar Alhajin da yake yi wa tuƙi, babu yadda za a same shi. Ni aka sa ina ɗebo ruwa ina jiƙa tsumma, kuma duk sanda na miƙa sai in saci kallon wurin. Zanen yana dushewa, amma wata ta ce ba dushewa yake ba, shiga ciki yake yi.

Wajen la'asar uwar matar yayana ta iso daga Jiratawa a bayan motar masu kayan lambu. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta goya jikarta da kanta, ta kama hannun 'yarta.

"Ku yi haƙuri, Malam. Ɗiyata ba ta ƙara kwana inda ake ɗaura wa jinjiri dodo."

Suka fice. Da aka kawo tuwo Baba bai aika wa Kaka gaisuwar da ya saba ba, ita ma ba ta fito ba.

Washegari da sassafe Kaka ta kira ni, ta ce in sa mayafi in raka ta Tibiri, ni ce idonta. A cikin motar haya, an matse mu tsakanin buhunan gawayi da wani mutum da ke ta gardamar jam'iyya da direba, na kai bakina kunnenta.

"Kaka, bari in faɗa wa Baba nawa ne."

"Ki faɗa mishi mi? Ni uwarshi ce, ya yi fushi ya gaji, ba ya iya korata. Ke kuwa cewa zai yi karatun Nasara ne ya kawo mishi wanga gida. Ko an buɗe lakkwal ba ki komawa. Rufe bakinki."

Muka wuce gonakin gero. Sai ta taɓa gwiwata.

"Ke da kika karanta, mi ne ne a jikin abin?"

Na gaya mata yadda aka koya mana. Dabbobi ne manya, wasu sun fi ɗaki tsawo, sun yi zamani a duniya kafin mutane, har a ƙasarmu akwai ƙasusuwansu cikin rairayi.

"Suna ina yanzu?"

"Sun mutu, Kaka. Dukansu."

"Dukansu? Ba a bar ko ɗaya na iri ba? Wa ya kashe su?"

"Ba a tabbatar ba."

"To," in ji ta. Ta gyara ƙullin zanenta. Wannan "to" ɗin ya fi duk ihun jiya tsorata ni, don na ga bayanin da na dogara da shi bai kwantar mata da hankali ba, ni ma kuma da na ji shi daga bakina bai kwantar mini ba.

Wadda muka je wurinta ƙawar Kaka ce ta ƙuruciya, 'yar bori, tsohuwa siririya mai jan goro a haƙora, tana zaune ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale. Suka yi ta zagin juna na wasa, wannan ta ce wa waccan makauniya, waccan ta ce mata gwauruwar kura, kafin Kaka ta kwance bakin zane ta ba ta labari. Tsohuwar ta kai kwabon hasken rana, ta nisanta shi, ta matso da shi.

"Raƙumi ne wanga ko kada? Wa ya ba shi wuya haka, ya hana shi kai?"

Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta daina. Ta shinshina shi, ta ɗora a goshi, ta rufe ido. Da ta buɗe ido sai ta ajiye shi a ƙasa tsakaninmu, ba ta miƙa a hannu ba.

"Na san na daji, na san na gulbi, na san na kan tudu, har baƙin da suka zo da Nasara na san abin da kowanensu ke so. Wanga ban san shi ba. Ba namu ba ne. In na ce miki ga abin da za a ba shi ya saki yarinya, ƙarya na yi miki."

Ko tukwici ta ƙi karɓa. A hanyar dawowa Kaka ta dafa kafaɗata. Da muka sauka a tasha ta ce ƙafafunta sun ƙare, kuma ko ta je Jiratawa ba za a bar ta ta shiga ba. Ta danƙa mini kwabon.

"Tahi ki gano mini ita. In da rai, ki dawo ki faɗa mini. In babu, ki jefa shi a gulbi kafin ki shigo gida."

Ban taɓa zuwa ko'ina ni kaɗai ba sai lise. Na shiga motar Jiratawa da kwabon a dunƙule cikin hannu, har ya yi zafi ya jiƙe da gumi. Duk gidan da muka wuce na ga mutane zaune a ƙofa sai in ce zaman makoki ne. Damina ta ƙare amma can ko'ina kore ne, ruwa kwance a magudanan lambu. A gidan surukan yayana wata mata ta ce mini ba su nan, tun jiya da magariba aka wuce da yarinyar gidan tsohon majo. Ta nuna mini hanya da taɓarya.

Majon ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya ya koma noman albasa. Da yajin aiki ya yi tsawo sai mutane suka mai da zaurensa wurin zuwa. Na tarar da mata a jere a kan tabarmi da 'ya'yansu. Can ƙurya na hango matar yayana, yarinyar na kwance a cinyarta an lulluɓe ta. Na gaishe ta, ta amsa da ka ba ta dube ni ba, uwarta kuwa ta juya mini baya. Na kasa tambaya. Na kasa matsawa in ga ko mayafin yana motsi. Na samu gefen bango na tsaya, na yi ta tsayuwa har layin ya ƙare, inuwa ta juya.

Tsohon yana dafa allurai a wata 'yar tukunya a kan gawayi, ƙafafunsa da busasshen laka. Ya ɗago ya gan ni.

"Ke kuma mi ke damunki? Tun ɗazu kina tsaye kamar an dasa ki."

Na matsa na ɗora kwabon a kan teburinsa. Ban san yadda aka yi ba, maganar da na riƙe kwana huɗu ta zubo gaba ɗaya, a hankali don kada na ƙurya su ji, amma a jere, da ranaku da sa'o'i. Na ce nawa ne, ba na Kaka ba. Na ce na ga an ɗaura na yi shiru. Na ce an kai shi Tibiri an ce ba a san shi ba. Har kayen na ciro daga mayafi na nuna masa lokutan kukan.

Ya sa tabarau ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa, abin da ban zata ba. Sannan ya ɗauki kwabon da hannunsa, ba da wani abu ba, ya auna nauyinsa a tafi, ya kai shi kusa da ido.

"Ashe ke ce. Jiya an cika mini zaure da labarin dodo, na ce a kawo mini dodon in gani, aka ce yana wajen tsohuwa." Ya juya shi. "Aiki mai kyau. Na taɓa ganin ƙashin irinta a Yamai, ƙashin cinya kaɗai ya kai ni tsawo."

Na ce wa tsohon, "Baba, ni na yi mata?"

Muryata ta fita fiye da yadda na so. Na ji tabarmar ƙurya ta motsa. Tsohon ya cire tabarau ya dube ni sosai, kuma da ya yi magana bai rage murya ba.

"Zazzaɓin sauro ne, ɗiyata, irin wanda na yi wa allura sau goma sha wani abu yau. Zanen kuwa ko ke kika kwana a kan tabarma da shacinta kike tashi, je ki duba, babu shi. Zafin ya sauka da hantsi, ta kama nono sau biyu, in Allah ya so jibi su tahi gida. Abin da ya kusa kashe ta yinin nan ne da aka yi ana kallon cikinta ba a kawo ta ba, kuma ke kaɗai ce a gidan kika san ƙarfe ne kawai. Wannan kam naki ne, ba zan ce miki ba naki ba ne. Ɗauki abinki ki koma tun da rana. Ki fara gaya wa tsohuwa jikarta na nan, sannan ki samu babanki."